Wa Aka Gina Wa Shafin? Intanet, Doka Da Masu Buƙata Ta Musamman A Gwarzo Da Kabo

Shekara goma sha biyar baya, mutumin Getso ko Lakwaya ko Garo da wata hulɗa ta haɗa shi da gwamnati ya san abin da ke gabansa: sammako, tasha, titin Gwarzo, sannan layi a bakin wani ofis a birnin Kano. Yau akasarin ofisoshin nan sun tare a cikin waya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A Disambar 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A 2021 hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe shafin da ake fara rajistar katin zaɓe daga gida. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai ƙosai da dattijon ƙauye koyon tiransifa da hulɗa da mai POS. A Mayun 2024 asusun bai wa ɗalibai rance, NELFUND, ya fara karɓar masu nema ta intanet. Aikin soja, aikin ɗan sanda, kwastan, gurbin karatu, amsar duk ɗaya ce: a shiga shafi a cike fom.

Babu wanda wannan sauyi ya kamata ya fi yi wa rana kamar mai buƙata ta musamman da ke zaune nesa da birni. Daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce, Kabo ta ɗan fi kusa. Gurgu in zai yi tafiyar sai an yi ciniki a kan kekensa kafin a ɗora a mota. Makaho kuɗin mota biyu yake biya, nasa da na ɗan jagora, ga abincin rana na mutum biyu. Kurma yakan isa ofis lafiya, amma ya tarar babu mai gane abin da ke tafe da shi. Shafin da aka gina da kyau zai iya ɗauke wa ukun nan wahalar gaba ɗaya. Abin da ake gani a wurare da dama akasin haka ne. An rufe tagar ofis da suke iya kaiwa ko da da jibin goshi, an buɗe shafin da ba sa iya shiga ko kaɗan.

Kuma ba 'yan tsiraru ake magana a kansu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kimanin mutum 4 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, adadin da ya haura miliyan ɗaya, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce ta fi ɗaukar kaso mai tsoka. Yanar ido ce kan gaba wajen haddasa makantar, hawan jinin ido na biye da ita. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gwarzo mutum kusan 184,000, ta ba Kabo kusan 154,000, yau kuwa sun zarce haka nesa. Ko an raba kason Hukumar Lafiya gida biyu an ɗauki rabi, maganar dubun dubatar mutane ake yi a ƙananan hukumomin biyu. Yaran da shan inna ta taɓa a farkon shekarun 2000, lokacin da cutar ta yi ƙamari a Jihar Kano, yanzu samari ne da 'yan mata masu neman makaranta da aiki da jari. An ayyana Najeriya ta rabu da cutar a Agustan 2020, amma su suna nan.

Mutane da dama, har da wasu masu gina shafukan, ba su san makaho yana sarrafa babbar waya da kansa ba. Wayoyin Android suna da manhajar TalkBack, iPhone tana da VoiceOver tun 2009, a kwamfuta kuma akwai JAWS ta kuɗi da NVDA ta kyauta, wadda Michael Curran ya fara a 2006, James Teh ya mara masa baya, dukansu makafi 'yan Ostireliya. Aikin manhajojin nan ɗaya ne, su karanta wa mutum abin da ke fuskar na'ura da murya. Ya ɗora yatsa a kan abu, murya ta faɗi sunansa. Ya shafa dama, ta wuce abu na gaba. Ya ƙwanƙwasa sau biyu, abin ya buɗe. Wanda ya goge yakan ƙara wa muryar gudu har mai ido da ke gefensa ya kasa tsintar kalma ɗaya, shi kuwa ya gama sauraron saƙo ya ba da amsa.

Sai dai muryar ba ta ganin hoto, ba ta kuma cankar abin da ba a rubuta ba. Abin da mai gini ya shimfiɗa a ƙarƙashin shafi shi take karantawa. A ɗauki fom ɗin neman gurbin karatu. Mai ido yana ganin akwati da "sunan mahaifi" a samansa. In mai gini bai ɗaure rubutun da akwatin ba, abin da makaho zai ji shi ne "akwatin rubutu". Ya shafa, "akwatin rubutu". Ya sake shafawa, haka dai, har guda ashirin, bai san wanne ne na suna, wanne ne na ranar haihuwa ba. In ya lallaɓa ya kai ƙarshe, sai ya ji "maɓalli", ya kuma jin "maɓalli", ɗaya na turawa, ɗaya na goge duk abin da ya rubuta, ba abin da ya bambanta su sai launi. In ya yi kuskure, shafin ya mayar da akwatin ja ya yi shiru. Ga kuma gwajin nan na tabbatar da cewa mutum ne ba na'ura ba, inda ake cewa a zaɓi hotunan da ke da mota ko a kwafi karkatattun haruffa. Yawanci a nan tafiyar take ƙarewa. Wasu shafukan lokaci suke ƙidayawa, wanda kuma yake sauraron kowane layi kafin ya amsa yakan tarar an fitar da shi, sai ya faro daga farko, datarsa na ta ƙonewa.

Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu, daga na tarayya har sakatariyar ƙaramar hukuma. A buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, a ɗauke ta a hoto, a saka a Facebook ko a watsa a WhatsApp. Jerin sunayen waɗanda aka ɗauka aiki, ranar tantancewa, jadawalin jarrabawa, duk haka suke fitowa. Ga makaho, takarda mai layi hamsin ta koma kalma guda, "hoto". Hatta shafin duba sakamakon zaɓe na IReV da INEC ta fara amfani da shi a 2020, wanda ci gaba ne na gaske, hotunan takardun rumfa ne da aka cike da rubutun hannu. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin zaro rubutu daga hoto, amma rubutun hannu da hoton da aka ɗauka a karkace ko a duhu suna ba su kashi. Maganin sanarwar ofis kuwa bai wuce minti biyu ba: wanda ya buga takardar a kwamfuta ya kwafo rubutun ya manna a ƙarƙashin hoton.

Wani zai ce ina abin tayar da jijiyar wuya, ai mu al'umma ce mai taimakon juna. Makaho yana da ɗa ko ƙane, kuma ga shagunan kwamfuta a cikin Gwarzo da Kabo inda hatta masu ido suke kai fom a cike musu. Gaskiya ne, kuma wannan zumunci ba abin rainawa ba ne. Amma shi ne ya lulluɓe matsalar har ba a ganinta, domin duk fom ɗin da wani ya cike wa makaho, a lissafin hukuma shafi ya yi aiki. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne farashin da aka biya, kuma farashin sirri ne.

A tsaya a rumfar mai POS ranar kasuwa. Tsohuwar na'ura tana da maɓallai, a kan lamba 5 kuma akwai ɗan tsiro da yatsa ke ji, daga shi makaho ke gane inda sauran lambobin suke. Sababbin da suka cika kasuwanni da yawansu sumul suke, fuska ce kawai ta gilashi. Dattijo ya miƙa kati, yaron ya buga adadi ya juyo masa na'ura.

"Baba, sa lambarka."

Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. "Ɗana, ba na jin lambobin."

"To Baba, faɗa min a hankali in sa maka."

Sai ya sunkuyo ya faɗa, mutane na tsaye a bayansa suna jiran layi. Yaron yana iya kasancewa mai amana, galibinsu ma haka suke. Amma kowane banki yana gargaɗin kada a faɗa wa kowa lambar sirri, ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo kuwa tambayar farko ita ce, wa ka faɗa wa? An sa mutum a tsakanin karya ƙa'ida da kwana da yunwa. Haka mace makauniya da sai ƙanen mijinta ya karanta mata abin da ya rage a asusunta, da ɗalibin da sai abokinsa ya riga shi sanin ya faɗi jarrabawa, da majiyyacin da sakamakon gwajin jininsa sai ya bi ta bakin maƙwabci. Mu da muka ɗauki rufin asiri da girma har muke roƙonsa a addu'a safe da yamma, bai kamata wannan ya zame mana ƙaramin abu ba. Kuma tun muna yara malamai suke karantar da mu cewa Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zo da ƙafarsa neman ilimi, wanda daga baya aka riƙa bar masa riƙon Madina. Ƙasar da ta saba ganin makafi mahaddata suna ba da karatu ba ta da uzurin zaton makaho ba zai iya tafiyar da asusunsa ba.

Matsalar kurame ta wata fuska take zuwa, kuma an fi mantawa da ita saboda ana ganin ai suna da ido. Bidiyon wayar da kai a kan rigakafi ko zaɓe yakan fito babu rubutu a ƙasa, babu mai fassara da hannu. Shafi zai ce mai ƙorafi ya kira lamba kaza, babu hanyar rubutaccen saƙo. Wani bankin kira yake yi don ya tabbatar da mai asusu. Sannan rubutun kansa ba koyaushe yake wadatarwa ba, domin wanda aka haifa kurma bai taɓa jin Turanci ko Hausa da kunne ba, harshensa na farko na hannu ne, dogon Turancin ofis kuwa baƙon harshe ne a kan baƙon harshe. Harshen hannun ma a Kano iri biyu ne. Akwai maganar hannu ta gargajiya da kurame suka gada a kasuwanni da unguwanni, wadda Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazari a kanta ta wallafa littafi a 2000. Akwai kuma ta makaranta, irin wadda ake koyarwa a Tudun Maliki da aka buɗe a 1977, mai tushe a harshen hannun Amurka. Kurman Madadi ko Gude da bai je makaranta ba ba lalle ne ya gane mai fassarar da ke kusurwar talabijin daga Abuja ba.

Sauran sun haɗa da wanda kuturta ta cinye wa yatsu, da mai shanyewar ɓarin jiki, da tsoho mai rawar hannu, waɗanda ƙananan maɓallai masu cunkushe da juna ke wahalarwa. Ga zabiya da mai yanar ido da ke buƙatar manyan haruffa da rubutu baƙi a kan fari, ba toka-toka a kan ruwan ƙasa ba. Ga mai farfaɗiya da hoto mai walƙiya kan iya tayar masa da ciwo.

Duk wannan ba sabon ilimi ba ne. Ƙungiyar W3C da Tim Berners-Lee ya kafa a 1994 ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa shiga shafuka, waɗanda aka sani da WCAG, tun 1999. An sabunta su a 2008, da 2018, da kuma Oktoban 2023. Ginshiƙansu huɗu ne: mutum ya iya riskar abin da ke shafi ta ido ko kunne ko taɓawa, ya iya sarrafa shi, ya iya fahimtarsa, kuma shafin ya yi aiki da na'urorin taimako iri-iri. Matakan cika ƙa'ida uku ne, A da AA da AAA, dokokin ƙasashe kuma galibi na tsakiyan suke nema. In aka sauko kan aiki, abubuwa ne masu sauƙin faɗa. Kowane hoto mai ma'ana ya sami bayani a rubuce. Kowane akwati da maɓalli ya sami suna. Bidiyo ya sami rubutu. Hasken rubutu da na bango su bambanta da aƙalla 4.5 bisa 1. A iya ninka girman haruffa sau biyu ba tare da shafi ya wargaje ba. Duk abin da ake yi da linzamin kwamfuta a iya yinsa da maɓallai kaɗai. Kada abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa. Kada launi shi kaɗai ya ɗauki saƙo. In akwai ƙidayar lokaci, a bar mutum ya nemi ƙari.

Da sanin duk wannan, duniya ma ba ta taka rawar gani ba. Cibiyar WebAIM da ke Amurka takan duba shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya kowace shekara tun 2019, kuma kowane karo sama da kashi 90 cikin 100 suna da kurakuran da na'ura ke iya ganowa, rubutu maras haske da hoto maras bayani a kan gaba. Wannan ya nuna kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta gyara shafi. Inda aka ga motsi, doka ce ta tura.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a Satumban 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet ƙarara cikin abubuwan da ƙasa za ta sauƙaƙa. Bayan shekaru ana kai ruwa rana a majalisa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018 a ranar 23 ga Janairun 2019. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba su fifiko a layi, ta kuma kafa hukumar ƙasa ta kula da su, wadda ta fara aiki a 2020 ƙarƙashin James Lalu, Ayuba Gufwan ya gaje shi a 2024. Jihar Kano ma tana da tata dokar da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa wa hannu a ƙarshen 2018.

Wanda ya karanta dokar tarayyar zai ga ta yi bayani filla-filla a kan gini da titi da motar haya da filin jirgi da makaranta da asibiti, amma ba ta kira shafin intanet ko manhajar waya da suna ba. A nan wasu ke fakewa, a ganina kuwa mafakar ba ta da ƙwari. Sashen farko na dokar ya haramta wa kowane mutum ko hukuma nuna wariya saboda naƙasa ta kowace hanya, a kowane hali, ya kuma bar wa wanda aka cuta damar kai ƙarar neman diyya. Hukumar da ta ce ba a neman aikinta sai ta shafi, sannan ta gina shafin da makaho ba ya iya cikewa, ta ware shi, ko ta yi niyya ko ba ta yi ba. Fassarar irin wannan sashe aikin kotu ne, kotu kuma ba ta magana sai an kai mata ƙara. Inda dokar take da rauni na gaske shi ne tara: Naira miliyan ɗaya ga kamfani, Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutum. A 2019 miliyan ɗaya ta kai kimanin dala 2,700 a kasuwar canji, yau ba ta kai dala 1,000 ba. Babu bankin da wannan zai hana barci.

Amurka ta bi ta irin wannan hanya. Dokarta ta naƙasassu ta 1990 ta riga shafukan intanet shiga gidajen mutane, don haka ita ma ba ta ambace su ba. Makafi ne suka ja ta zuwa can ta kotu. Ƙungiyar makafi ta ƙasar ta maka kantin Target a kotu a 2006, aka sasanta a 2008 a kan dala miliyan 6 da alkawarin gyara. Guillermo Robles ya yi ƙarar Domino's saboda ya kasa sayen abinci ta shafinsu, a 2019 kotun ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar kamfanin. Tun kafin su, a Ostireliya, Bruce Maguire ya yi nasara a kan masu shirya gasar Olamfik ta Sidni a 2000 saboda shafinsu, aka ba shi dalar Ostireliya 20,000. A Afrilun 2024 ma'aikatar shari'ar Amurka ta wajabta wa jihohi da ƙananan hukumomi bin WCAG a matakin AA. Tarayyar Turai ta fara da shafukan gwamnati a 2016, daga 28 ga Yunin 2025 kuma wata dokar ta hau kan bankuna da kantunan intanet da na'urorin cirar kuɗi da na biyan kuɗi. A nahiyarmu Kenya ta fitar da nata ma'aunin a 2022.

Abin da na fi ganin ya dace da mu daga can ba shari'o'in ba ne, domin makahon Kutama ba shi da kuɗin lauya. Gyaran da Amurka ta yi wa wata dokarta a 1998 ne, wanda ya ce gwamnatin tarayya ba za ta sayi kayan fasahar da naƙasassu ba sa iya amfani da su ba. Da mai saye mafi girma ya kafa sharaɗi, kamfanoni suka bi. Muna da wurin da za a rataya irin wannan. Hukumar NITDA, wadda Kashifu Inuwa Abdullahi ke jagoranta tun 2019, tana da ƙa'idojin gina shafukan gwamnati, kuma ma'aikatun tarayya sai sun nemi sahalewarta kafin su ƙaddamar da ayyukan fasahar sadarwa. A wannan gaɓar ya kamata a tare hanya. Sauƙaƙa shafi tun daga zane ba ya cin wani kuɗi na a zo a gani, gyara shi bayan an gama kuwa kamar wanda ya yi filasta da fenti ne sannan ya tuna bai binne bututun ruwa ba.

A yi hattara da gajeriyar hanya. Akwai kamfanonin da ke sayar da ɗan tambari da ake liƙawa a gefen shafi, su ce ya gyara komai. Makafi da dama sun koka cewa yana ma rikita musu manhajar karatu, kuma a Janairun 2025 hukumar kare ciniki ta Amurka ta nemi ɗaya daga cikinsu, accessiBe, ya biya dala miliyan ɗaya saboda iƙirarin da ya wuce gaskiya.

To, ko an cika WCAG daga farko har ƙarshe, da sauran rina a kaba ga mutumin Gwarzo da Kabo, kuma wannan ɓangaren babu wanda zai zo daga waje ya yi mana. Muryar da wayoyi ke zuwa da ita galibi ta Turanci ce. In ta ci karo da Hausa sai ta karanta ta da lafazin Turanci, haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ta tsallake su ko ta kira su da wani dogon suna a tsakiyar kalma. Makafinmu sun koyi fahimtar wannan gurɓatacciyar Hausa da haƙuri, amma aiki ne da bai kamata a ɗora musu ba. Mai gina shafi yana da rabonsa, ya sanya alamar da ke shaida wa na'ura cewa rubutun nan Hausa ne. Babban rabon kuwa na jami'o'i ne da kamfanoni: a samar da murya mai karanta Hausa da karin sautinta, wadda ke aiki a waya mai araha ba tare da data ba. Harshen da mutum sama da miliyan hamsin ke magana da shi ya wuce a ce wannan ya gagara.

Sai nauyin shafi. Shafin da aka cika da manyan hotuna da bidiyo mai kunna kansa yana buɗewa a Abuja, a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa kuwa yakan tsaya rabi, manhajar karatu ta rasa abin karantawa. Sannan da yawa daga cikin mutanenmu ƙaramar waya mai maɓallai suke riƙewa, hulɗarsu da banki ta lambobin nan ce masu farawa da tauraro, waɗanda ke katsewa in an ɗan yi jinkiri. Don haka duk hukumar da ke da gaskiyar niyya ba za ta dogara da ƙofa ɗaya ba. Ta sami layin kira mai magana da Hausa don makaho, rubutaccen saƙo da gajeren bidiyon maganar hannu don kurma, ta kuma bar tebur guda a sakatariya da ma'aikacin da aka horar, don wanda duk hanyoyin suka gagara.

An ga abin da ke yiwuwa in hukuma ta sa kanta. A 2017 JAMB, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta, wanda ke shirya wa makafi jarrabawa a keɓaɓɓun cibiyoyi, Kano na cikinsu. INEC ta kawo jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi da madubin ƙara girman rubutu a babban zaɓen 2019, dokar zaɓe ta 2022 kuma ta ƙarfafa hakan. Sai dai ɗalibin da aka yi wa wannan gata a zauren jarrabawa, washegari zai koma duba sakamako, da neman gurbi, da biyan kuɗin makaranta, da rajistar darussa, kowanne a shafin wata hukuma daban.

Nan ne nake ganin yankinmu yana da dama a hannu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kabo, wadda aka ɗaga zuwa jami'a a 2025, sabuwa ce, shafukanta da tsarin rajistarta da manhajar karatunta duk yanzu ake gina su. Tana iya yin daidai tun daga tushe, ta kuma sa darasin nan cikin abin da kowane ɗalibin kwamfuta zai ci kafin ya fita. Malamai su daina raba takardun karatu a hoto. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, bayan Najeriya ta shiga yarjejeniyar Marrakesh a 2017, ta halatta mayar da littafi sigar da makaho zai iya karantawa, don haka ɗakin karatu ba shi da abin tsoro. Sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero da cibiyar CITAD ta Kano, da ta daɗe tana aiki a kan shigar da waɗanda aka bari a baya cikin harkar fasaha, duk suna kusa. Gyaran doka kuwa, a ambaci shafuka da manhajoji da na'urorin biyan kuɗi da suna, a kuma ɗaga tara, aikin majalisa ne. Gwarzo da Kabo kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai, Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa tun 2023, Sanata Barau Jibrin, kuma ɗan Kabo ne. Ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu na yankin, da sarakunansu na gargajiya, sun san hanyar gidajen nan.

Ƙaramar hukuma ba sai ta jira Abuja ba. Duk kwangilar shafi ko manhaja da za ta bayar, ta rubuta a ciki cewa za a cika WCAG a matakin AA, za a samar da Hausa, kuma ba za a biya kason ƙarshe ba sai an gwada. Gwajin na'ura wani ɓangare kawai yake kamawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ɗauko makaho mai amfani da TalkBack, da kurma, da wanda hannunsa ba ya kama ƙaramin maɓalli, a biya su ladan aikinsu yadda ake biyan kowane ƙwararre, a ba su waya mai araha da sabis ɗin Kanwa ko Mainika, kowannensu ya cike fom daga sunansa har zuwa fitar da shaidar biya ba tare da wani ya taɓa masa wayar ba. In ɗaya ya maƙale, a rubuta inda ya maƙale, ɗan kwangila ya koma ya gyara, a sake kiran su.